Wa Ya Raɗa wa Ɗan Tayi Waɗannan Sunaye?

Ɗalibin da ya gama digirin farko a sashen ilimin sassan jiki ko na dabbobi, ya kuma ƙudurta cewa abin da zai bi a digiri na biyu da na uku shi ne yadda ƙwai guda ke zama halitta mai kai da ƙafafu, tun wajen cike takardar neman gurbi zai fara cin karo da rikicin suna. Wata jami'ar ta rubuta embiriyoloji. Wata ta rubuta dibelofmental bayoloji, wato ilimin ginuwar halitta. Wata kuma ta ce embiriyoloji na asibiti. Wanda ya ɗauka duk abu ɗaya ne zai iya shafe shekara biyu yana koyon aikin da ba shi ya fito nema ba.

Embiriyoloji shi ne tsohon sunan. Tushensa kalmar Girkanci ce mai nufin abin da ke kumbura yana girma a ciki, kuma har tsakiyar ƙarni na 20 da shi aka san fannin. A jami'o'inmu, irin su ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano, a ƙarƙashin sashen ilimin sassan jiki ɗaliban likitanci ke karanta shi. Daga shekarun 1950 ne masana irin su Paul Weiss suka fara tura sabon suna, da hujja mai ƙarfi: ginuwa ba ta tsayawa ranar haihuwa ko ranar ƙyanƙyasa. Talibambam yana rikiɗa ya zama kwaɗo, ƙadangare yana mayar da jelar da ta gutsure, bishiya tana fitar da sabon reshe har ta tsufa. Duk tambaya ɗaya ce, amma tsohon sunan ya tsare ta a cikin ƙwai da mahaifa. Mujallar fannin da aka kafa a Ingila a 1953 da embiriyoloji a cikin sunanta, a 1987 ta koma Development kawai. Shi kuwa embiriyoloji na asibiti sana'a ce ta daban, wadda ta bunƙasa bayan haihuwar Louise Brown a 1978, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan mahaifiyarta da maniyyin mahaifinta a wajen jiki. Mai wannan digiri zai zauna a ɗakin gwajin asibitin haihuwa yana kula da ƙwayayen ma'auratan da ke neman ɗa. Mai digirin ginuwar halitta kuwa zai yi shekaru da ƙudaje, ko kwaɗi, ko kifi, ko ɓeraye, yana neman dalilin da ya sa hannu ke fitowa inda yake fitowa.

In an shiga, watannin farko na haddace sunaye ne. Mafi sauƙinsu su ne waɗanda aka ɗauko daga siffa. Kwana uku zuwa huɗu bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi, ɗan tayin mutum ɗan dunƙule ne na ƙwayoyin jiki kamar goma sha shida manne da juna, sai aka kira shi morula, daga sunan wani ɗan itace mai ƙuraje-ƙuraje a Latin. In rami ya buɗe a tsakiyarsa ya zama bilastula, daga kalmar Girkanci ta toho. Sai gastirula, ƙaramin tumbi, sunan da Ernst Haeckel ya raɗa a 1872. A wannan mataki gefe ɗaya na dunƙulen ke lotsawa ciki, kamar yadda maginiyar tukunya ke danna babban yatsa a curin yumɓu, har a sami shimfiɗa uku: ta waje da za ta ba da fata da ƙwaƙwalwa, ta tsakiya da za ta ba da tsoka da ƙashi da jini, ta ciki da za ta ba da bangon hanji da huhu da hanta. Irin waɗannan sunaye ba su da wata illa, domin abin da ido ya gani kawai suka faɗa.

Akwai kuma sunan da ya adana kuskuren mai raɗa shi. Karl Ernst von Baer, wanda a 1827 ya fara ganin ƙwan dabba mai shayarwa a jikin karya, shi ne ya kira 'yan abubuwan da ke iyo cikin maniyyi sifamatozowa, ma'ana dabbobin cikin iri. Ya ɗauke su tsutsotsi ne baƙi da suka sami wurin zama, ba ruwansu da haihuwa. Sai a 1841 Albert von Kölliker ya nuna daga jikin namijin suke fitowa, a 1876 kuma Oscar Hertwig ya bayyana yadda guda ɗaya ke shiga ƙwai cibiyoyinsu su haɗe. An gyara fahimtar, sunan kuma ya zauna har yau.

Sunan da ya fi cancantar ɗalibi ya tsaya a kansa shi ne oganaiza, mai tsarawa, domin daga kundin digirin wata ɗaliba ya yi suna a duniya. Hilde Pröscholdt, wadda ta zama Hilde Mangold bayan aure, tana karatun digiri na uku ne a Freiburg ta ƙasar Jamus a hannun Hans Spemann. Aikin da aka ba ta a 1921 da 1922 na ƙwayayen wata 'yar dabbar ruwa ne dangin kwaɗi mai siffar ƙadangare, wadda ba ta yin ƙwai sai a bazarar Turai, don haka duk abin da za a yi sai a 'yan makonnin nan. Iri biyu ta yi amfani da su, ɗaya mai farin ƙwai, ɗaya mai duhu. Da allurar gilashi da aka ja a wuta har ta yi siririya, da ɗan zoben gashi, za ta ɓare ƙwan da bai wuce milimita biyu ba, ta yanko ɗan leɓen da ke saman inda gastirula ta fara lotsawa a farin, ta dasa shi a gefen cikin mai duhun. Ba maganin kashe ƙwayoyin cuta a lokacin, ƙwan da aka ɓare kuwa ruwan kududdufi kaɗai ya isa ya kashe shi. Ta yi dashe fiye da 200, kaɗan ƙwarai suka rayu har aka iya kafa hujja da su. Amma a waɗanda suka rayu, sai ga jiki na biyu ya fito a cikin na farko, da lakarsa da jerin tsokar bayansa. Bambancin launin ne ya warware magana: mafi yawan sabon jikin daga ƙwayoyin mai masaukin aka gina shi, masu duhu. Ɗan farin yankin da aka dasa ya sa maƙwabtansa sun bar abin da za su zama, sun zama wani abu.

An buga sakamakon a 1924, da sunan Spemann a gaba. A watan Satumba na shekarar, murhun fetur ya fashe a ɗakin girkinta a Berlin, ta rasu tana da shekara 25. Spemann ya karɓi kyautar Nobel a 1935, kyautar da ba a ba mamaci. Yau littattafai da yawa suna cewa oganaizan Spemann da Mangold, kuma haka ya kamata duk malami ya faɗe shi a aji, domin hannunta ne ya yi aikin.

Sai dai kalmar oganaiza ta ɗauki da'awar da gwajin bai tabbatar ba. Mai tsarawa yana nufin mai ba da umarni, don haka ɗakunan bincike a Jamus da Ingila suka bazama neman sinadarin da ke ɗauke da umarnin. A farkon shekarun 1930 Johannes Holtfreter ya dafa yankin, ya daskarar da shi, ya jiƙa shi a barasa, ya dasa mataccen, sai ga shi har yanzu yana sa a yi laka. Gutsuren hanta da na ƙoda daga wasu dabbobi ma suka yi. Har wani shuɗin rini na ɗakin gwaji ya yi. In kowane abu zai iya ba da umarnin, to ina umarnin? Mutane da yawa suka yanke ƙauna suka bar tambayar. Kusan shekara 60 aka yi kafin amsa ta fito. A 1992 ɗakin binciken Richard Harland a Berkeley ya gano nogin, a 1994 na Edward De Robertis a Los Angeles ya gano kodin, kuma ba da daɗewa ba aka gane abin da waɗannan sinadarai ke yi: kama wani sinadari suke mai suna BMP su hana shi aiki. BMP ne ke ce wa shimfiɗar waje ta zama fata. Inda aka tare shi, ƙwayoyin da kansu suke bin hanyar zama laka da ƙwaƙwalwa. Ashe babban aikin mai tsarawar a nan tarewa ne. Ni a ganina sunan yana da hannu a daɗewar da aka yi, domin wanda aka ce ya nemo mai umarni ba zai yi saurin tunanin mai hanawa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin ɗalibin digiri na uku bai gama sanin kalma ba sai ya san wa ya raɗa ta, a wace shekara, da me ya gani a ranar.

Daga 1980 salon raɗin suna ya sauya. A shekarar ne Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus, suna aiki a Heidelberg, suka buga sakamakon wani aiki mai cin rai: sun lalata ƙwayoyin gadon ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, suka zauna su biyu a madubin ƙara girma mai wurin leƙe biyu suna duba tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya, don su ga wace ƙwayar gado ce in ta lalace jiki ke karkacewa. Al'adar masu binciken ƙuda ita ce a kira ƙwayar gado da siffar da ake gani in ta lalace. Wata tsutsar ta fito a gajarce, ƙayoyin da ya kamata su jeru layi-layi a cikinta sun rufe shi gaba ɗaya, sai suka ce bushiya, hedgehog a Turance. Wata ana ce mata Krüppel, gurgu a Jamusanci. Wata mai ƙusumbi. Aikin ya kai su ga Nobel a 1995 tare da Edward Lewis. Abin da ke rikita sabon ɗalibi a nan shi ne sunan a juye yake: ƙwayar gadon bushiya ba ita ke yin ƙaya ba, rashinta ne ke kawo su.

A 1993 aka gano dabbobi masu ƙashin baya, har da mutum, suna da irin wannan ƙwayar gado guda uku. Biyu aka ba su sunayen bushiyoyin gaske, ta hamada da ta Indiya. Ta ukun, Robert Riddle, wani matashin mai bincike a ɗakin Cliff Tabin a Harvard, ya kira ta Sonic, sunan bushiyar wasan bidiyo na kamfanin Sega. Sai ta zama ita ce mafi muhimmanci cikin ukun. Ita ke shata wane yatsa ne zai zama babba wane ne ƙarami, ita ke tsara ƙasan laka, ita ke raba gaban ƙwaƙwalwa gida biyu. A 1996 aka tabbatar cewa lalacewarta a mutum na haifar da jaririn da ƙwaƙwalwarsa ba ta rabu ba, wani lokaci da ido ɗaya a tsakiyar fuska. Yanzu a duba likitan da zai zauna da iyayen da suka rasa ɗa ta wannan hanya, su tambaye shi me ya jawo, amsar da ke rubuce kuma sunan ɗan wasan yara ce. Akwai wata ma da kalmar mahaukaci ke cikin sunanta, wadda daga baya aka gano tana da hannu a wata nakasar ƙashin baya da haƙarƙari a jarirai. Likitoci sun koka, kwamitin da ke kula da sunayen ƙwayoyin gadon ɗan Adam ya karkata ga haruffa, SHH da LFNG. Ina tare da likitocin. Mai binciken bai yi niyyar cutar da kowa ba, amma tun daga shekarun 1980 an san abin da aka gano a ƙuda yakan ɓullo a mutum, don haka mai raɗa suna yau ba shi da uzurin rashin sani.

Inda suna ya fi nauyi shi ne inda ya shiga doka. A ilimin likitanci ana kiran abin da ke ciki embiriyo har ƙarshen mako na takwas, daga nan ya zama fitus. An kasa makonni takwas ɗin mataki 23, ana ce musu matakan Carnegie, saboda tarin 'yan tayin mutum da Franklin Mall ya fara haɗawa, wanda cibiyar Carnegie ta ɗauki nauyinsa a Baltimore daga 1914. Ba da kwana ake ƙirga matakan ba, da abin da ya bayyana a jiki ne, domin 'yan tayi biyu masu kwana ɗaya kan bambanta. A mataki na 23 tsawonsa kamar santimita uku ne, yatsu sun rabu. Akwai tarko a nan ga ɗalibi: mai bincike daga ranar haɗuwar ƙwai yake ƙirgawa, likitan mata kuwa daga ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara, don haka mako takwas na wancan mako goma ne na wannan.

Bayan Louise Brown, gwamnatin Birtaniya ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Mary Warnock, wanda a rahotonsa na 1984 ya ba da shawarar kada a riƙe ɗan tayin mutum a ɗakin gwaji fiye da kwana 14. An zaɓi wannan iyaka ne saboda a daidai nan wani siririn layi ke bayyana, alamar gastirula ta fara, kuma daga nan dunƙulen ba ya sake rabuwa ya zama tagwaye. A tsakiyar muhawarar sai wasu masana, ciki har da Anne McLaren da ke cikin kwamitin, suka fara kiran abin da bai kai kwana 14 ba firi-embiriyo, wato wanda bai kai embiriyo ba tukuna. Hujjarsu ita ce mafi yawan ƙwayoyin wannan lokaci mabiyiya da tantani za su zama. Masu adawa suka ce an ƙirƙiro kalmar ne don a sassauta zukatan 'yan majalisa. Dokar ta wuce a 1990, kalmar kuma ta yi ta ja da baya har masu fannin suka kusa daina amfani da ita. Irin wannan ja-in-ja ya dawo a 2023, lokacin da ɗakunan binciken Magdalena Zernicka-Goetz da Jacob Hanna suka sanar da cewa sun haɗa abin da ya yi kama da ɗan tayin farko daga ƙwayoyin jiki, ba ƙwai ba maniyyi. Jaridu suka ce embiriyo na roba. Ƙungiyar masu binciken ta duniya ta ce a daina faɗin haka, a ce samfurin embiriyo. In embiriyo ne, dokar kwana 14 ta hau kansa. In samfuri ne, sai a sake zama a tattauna. Ɗalibin da ke shiga fannin yanzu a tsakiyar wannan gardama zai rubuta kundinsa.

Mu a Hausa, yawancin kalmominmu daga wajen uwa suke kallon al'amarin. Ciki ya shiga, ƙaramin ciki, ciki ya yi ƙwari, ya fara motsi, tsohon ciki, ɓari, bakwaini. Ilimin ungozoma ne da na mata a tsakaninsu, kuma daidai yake da abin da aka tanade shi dominsa. Abin da Latin ya kira filasenta, wato faffaɗar waina, don haka ya bayyana a hannun mai fiɗa, mu mabiyiya muka ce, don ita ke biyo jariri a ɗakin haihuwa. Na abin da ke ciki kuwa muna da tayi, kalma ɗaya tun daga kwana ɗaya har wata tara. Muna kuma da waɗanda muka taso da su a wajen tafsiri, inda malamai ke fassara nuɗfa da alaƙa da mudga da ɗigon maniyyi da gudan jini da tsoka, da maganar kwana arba'in-arba'in da busa rai da malaman fiƙihu suka gina hukunce-hukunce a kai. Ɗalibi Musulmi zai shiga ɗakin gwaji da waɗannan a ransa, kuma za su zama masa ma'auni ranar da aka tambaye shi ra'ayinsa kan kwana 14. Abin da ba na so shi ne gaggawar da wasu ke yi ta ɗora kowace kalmar tafsiri a kan wani mataki na Carnegie. Matakan Carnegie an sha yi musu gyara, tsarin da ake bi yanzu na 1987 ne, kuma za a iya sake taɓa shi. Bai dace a ɗaure abin da aka yi imani da shi a jikin jadawalin da masu shi ke gyarawa ba.

Giɓin da ya fi damuna yana wani wuri. A rediyo da jaridunmu, ƙwayar halitta ake ce wa sel, ɗan ƙaramin ɗakin da ake gina jiki da shi, ƙwayar halitta kuma ake ce wa abin gadon da ke rubuce a cikinsa. Duk wannan fanni kuwa a kan bambancin biyun ya tsaya. John Gurdon yana ɗalibin digiri na uku a Oxford ya fara gwajin da ya kai shi ga Nobel a 2012. Da kwaɗon Afirka ya yi aikin, Xenopus, mai baƙuwar ƙafa a Girkanci saboda faratan da ke yatsunsa na baya. Ɗan'uwan wannan kwaɗo na Afirka ta Yamma ma ya shiga ɗakunan gwaji, kuma zuriyar da aka karanta dukan gadonta a 2010 sunanta zuriyar Najeriya, don daga nan aka ɗauki kakanninta. A 1962 Gurdon ya nuna cewa in aka ciro cibiyar sel ɗaya daga hanjin talibambam, aka sa ta a ƙwan da aka kashe tasa cibiyar, cikakken talibambam zai iya fitowa. In mai fassara ya ce duk ƙwayoyin halitta suna ɗauke da ƙwayoyin halitta iri ɗaya amma ƙwayoyin halitta sun bambanta, mai sauraro a Gusau ko Maraɗi bai ƙaru da komai ba. Shi ya sa tun daga farkon wannan rubutu na raba su, ƙwayar jiki daban, ƙwayar gado daban. Da su maganar Gurdon ke fita sarai: ƙwayar jiki ta hanji da ta ido da ta ƙwaƙwalwa duk ƙwayoyin gado iri ɗaya suke ɗauke da su, bambancinsu shi ne wanne aka kunna wanne aka kashe. Aro kuma ba laifi ba ne inda ba mu da tamu, gastirula ta zauna a bakinmu yadda asibiti da allura suka zauna. Amma waɗannan biyun sai masu digirin fannin da ke jin Hausa sun zauna da malaman sassan Hausa na jami'o'i da editocin gidajen rediyo sun tsayar da kalma ɗaya ga kowanne, kafin darasin farko na ginuwar halitta ya iya shiga littafin sakandare da harshenmu.